Bashin Da Ba a Biyo Ni

A Zakka da kewaye, in ana lissafin waɗanda ba su taɓa cin kuɗin kowa ba, ina sa ran za a ambace ni kafin a gaji. Ban taɓa lattin zubin adashi ba. Mai shago bai taɓa aiko yaro ƙofar gidana ba. Malamin lissafi ne ni a makarantar gwamnati, don haka in za a fitar da zakkar gero, ko a raba ribar tarayya, ko malamai sun yanke rabon gado ana neman mai buga alƙaluma, ni ake aika wa. Da wannan mutuncin nake yawo, har da ɗan ɗaga kafaɗa. To yau zan faɗi abin da ba a sani ba. Akwai mutum ɗaya da na shekara da shekaru ina cin bashinsa ba na biya, kuma ban zaɓe shi ba sai don na san ba zai taɓa biyo ni ba. Ɗana ne na cikina.

Ba zan kama sunansa ba, ɗan fari ne, kuma mu nan da sauran kara. Shawara ce ta kama shi a makon haihuwa. Idanunsa suka yi ruwan ɗorawa, tsofaffi suka ce a riƙa fitar da shi hantsi a ba shi jiƙo, mu kuma muka bi. Kafin mu kai shi asibiti a Katsina ta riga ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yanzu ya tasam ma balaga. Ba ya tafiya sai an tallafe shi, maganarsa 'yan kalmomi ce da mahaifiyarsa kaɗai ke gane su duka, ga farfaɗiya da ta sa dole ya sha magani safe da dare. Amma ya san kowa, kuma tun daga bakin layi yake gane ƙarar babur ɗina ya hau dariya. Tun yana ƙarami likita ya zaunar da ni ya ce wannan lalura ce da ake zama da ita, ba irin ciwon da ake sallama daga asibiti a ce an warke ba. Ya ce yaron zai iya daɗewa a duniya, yana iya ma riskar bayanmu, saboda haka in fara tanadi. Na ce, “To, likita,” irin to ɗin da ɗalibaina ke ce mani in na ba su aikin gida ranar Juma'a.

Shekarun farko ban yi tanadin komai ba, don a ganina yi wa yaro tanadin zama da lalura tamkar fid da rai ne daga rahamar Allah. Sai na zuba kuɗin a neman waraka. Mai maganin da ke ɗaura lasifika a kan mota ranar kasuwa ya san fuskata. Wani ya ce ɗan ruwa ne, a kawo baƙin bunsuru. Wani ya ce sammu ne daga dangin uwa, abin da ya jawo mani gaba da surukata har tsawon damina. Ni da nake koya wa yara cewa ba a karɓar amsa sai an nuna hanyar da aka bi, ban taɓa tambayar ɗayansu ya nuna mani yaro ɗaya da ya warkar ba.

Da na gaji, sai na sayo asusu. Babba ne, na ƙasa, daga kasuwar Batsari ta ranar Alhamis, na ɗauro shi a bayan babur cikin tsumma kamar jinjiri. Na tara iyali na yi jawabi. Na ce daga yau duk ƙarshen wata kaza zai shiga nan, kuma ba mai taɓa shi sai bayan raina. Na cika alkawari wata na farko da na biyu. A na uku aka sa ranar ɗiyar hedimasta, aka yanka wa kowane malami gudummawa, albashi kuma bai shigo ba. A daren nan na gano cewa in ka sami tsinken tsintsiya mai ɗan lanƙwasa, kuma kana da haƙuri, takardar kuɗi tana fitowa ta inda ta shiga ba tare da an fasa komai ba.

Amma ni ba ɓarawo ba ne, mai tsari ne. Duk abin da na zaro sai in yagi 'yar takarda in rubuta: “Na ranci dubu biyu, bikin gidan hedimasta, zan mayar ƙarshen wata.” In sa kwanan wata, in sa hannu, in naɗe in tura ciki. Haka aka yi ta yi. Ɗinkin Sallah, cikon kuɗin rago don kada na maƙwabci ya fi nawa ƙaho, anko na abokin da ya ƙara aure, gyaran waya. In na ɗaga asusun na ji ya yi nauyi har wani daɗi nake ji.

Asirina ya tonu ne a farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kowa na ta fito da abin da ya binne. Uwargida ta ce, “Malam, kuɗin yaron nan fa? Kada su mutu a cikin tukunya.” Na ce ai za a ƙara wa'adi. Aka kuwa ƙara kwana goma, zuwa 10 ga Fabrairu, kwanakin suka zo suna ƙarewa, dabara ta ƙare mani. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, yara suka kewaye, aka zaunar da mai asusun a tsakiya, aka miƙo mani taɓarya. Na buga. Takardu suka watse fari fat, iska na kwasar wasu, ƙannensa na bi suna tsincewa. Kuɗin gaske da ke ciki ba su kai na buhun gero ba. Shi kuwa ƙarar fashewar ta ba shi dariya, ya yi ta yi har da tafi. Ita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ɗauka ta riƙa yi ɗaya bayan ɗaya tana karantawa a fili, da kwanan wata, da dalili. Da ta gama ta haɗa su ta ɗaure da kyauro ta miƙo mani da hannu biyu, ta ce, “Malam, waɗannan ma bankin zai canja su?”

Kada a ce ban taɓa yin babban yunƙuri ba. Shekaru kafin wannan na sayi karsana da sunansa, na ba wani Bafulatani aminina kiwo can wajen bakin dajin Rugu. Tunanin mai kyau ne: ta haihu, 'ya'yanta su haihu, kafin in tsufa yaro yana da garke. Sai dai a majalisa “saniyata” nake cewa. Da ta haifi ɗan maraƙi ya zama bijimi, na sayar na sayi babur, da hujjar cewa da shi za a riƙa kai yaro asibiti. Babur ɗin nan ya san hanyar ɗaurin aure a Runka da Safana da Dutsin-Ma fiye da yadda ya san ƙofar asibiti. Sannan ɓarayin daji suka zo suka kore garken gaba ɗaya. A ƙasar da aka rasa rayuka, aka tashi garuruwa, aka sayar da gonaki don biyan kuɗin fansa, saniya ɗaya ba abin da mutum zai ɗaga murya a kai ba ne. Abin da ke ba ni kunya shi ne, ranar da aka zo yi mani jaje, a ranar ce bakina ya fara cewa, “Wallahi ba tawa ba ce, ta yaron nan ce mai lalura.” Tana raye tawa ce. Sai da ta tafi na mayar masa da ita, don jajen ya fi armashi.

Bayan tonon asusu na rantse zan biya shi a dunƙule, kuma daga nan ne wautar ta koma ta masu ilimi. Na lissafa cewa ajiyar takardar kuɗi asara ce, tunda an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Lissafin daidai ne. Sai na ci bashi na sayi masara da kakar 2024 na kulle a ɗaki, ina jiran bazara ta ninka. A 2025 farashin hatsi ya yi ta gangarowa, na sayar ƙasa da yadda na saya, ban da kuɗin maganin ƙwari. Ragowar kuma wani tsohon ɗalibina ya nuna mani wata harka a waya, inda kuɗi ke haihuwa kullum kana kallo. Ni da na yi wa mutane dariya a 2016 lokacin da MMM ta rufe da kuɗinsu, har ina zana masu a ƙasa yadda abin ba zai yiwu ba, ni ne na miƙa. Kuɗin suna nan a fuskar wayar har yau, sun yi ƙiba sosai. Fitowa ce ba sa yi.

Abin da ya girgiza ni ba asarar ba ce. Wani dattijo ne ya rasu a wani ƙauye kusa da mu, aka kira ni buga lissafin gado. Cikin magadan akwai wani saurayi mai irin lalurar ɗana, yana jingine da bango, yawu na zuba a rigarsa. Na buga komai daidai: matar ta ɗauki tumuninta, namiji rabon mata biyu, shi ma aka fitar masa da nasa cif. Aka ce wa zai riƙe masa? Babban wansu ya ce shi. Aka yi fatiha aka tashi, aka yaba mani saurin lissafi. Ba a rufa shekara biyu ba na gan shi a tasha an ajiye shi a kan buhu da kwano a gabansa. Ban ce wan nasa azzalumi ba ne. Yana da mata biyu da 'ya'ya, gonarsa ta daji ba ta nomuwa, kuma na san yadda ake fara irin wannan: da 'yar takarda, da niyyar mayarwa ƙarshen wata.

A makon nan na tafi wurin malaminmu da ke karantar da littattafan fiƙihu a zaure, na zauna na gyara murya. Na ce, “Allah gafarta Malam, na yanke shawara. Zan rubuta wasiyya, in na mutu gidan da nake ciki na yaron nan ne.” Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “Tica, kai da ake kira rabon gado? Ina ka taɓa ganin an yi wa magaji wasiyya?” Na sani sarai. Na sha faɗa wa wasu cewa wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa mai gado sai in sauran magada sun yarda. Wanzami ne dai ba ya son jarfa.

Ya ce in ina son in keɓe masa wani abu, to ina da rai da lafiya zan yi, ba a kan gadon ciwon ajali ba. Ko kyauta, ko wakafi wanda za a riƙa ci da shi daga amfaninsa ba a sayar da asalin ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai ta fita daga hannun mai bayarwa. In ya mutu tana hannunsa ta koma gado. Uba yana iya riƙe wa ɗansa ƙarami ko marar iya tasarrufi abin da ya ba shi, in ya kafa shaidu, amma littafin Muhtasar ya togace abu biyu: gidan da uban yake zaune a ciki, sai in ya fita daga cikinsa, da kuma abin da ba a gane shi da aininsa, irin tsabar kuɗi, ko da an rufe an liƙe. Na ce, “Ko a asusu?” Ya ce ko a asusu. Wato duk shekarun nan, ko da ban zari ko sisi ba, ina faɗuwa za a fasa a raba da kowa.

Kun san abin da ya fara zuwa zuciyata? Sauƙi. Na ce, “Ashe ke nan ba ya bi na bashi.” Malam ya rufe littafi ya ce, “A gaban alƙali ba ya bin ka ko kwabo. Sauran kuma kai da takardunka.”

Na jawo makamina na ƙarshe, wanda kowane uba a ƙasar nan yake jingina da shi. Na ce ai ƙannensa na nan, ba za su yar da shi ba. Ya ce Allah ya sa, zumunci wajibi ne kuma akwai lada mai yawa. Amma in sani, a Malikiyya ciyarwar da alƙali ke tilastawa ta jini tana tsakanin iyaye da 'ya'yansu ne. Uba zai ci gaba da ciyar da ɗan da ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, amma ba a tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ɗan'uwansa. Ya ce ba wa ɗa ɗaya dukan dukiya abin ƙi ne, amma ba shi wani sashe saboda larura malamai da yawa sun yarda da shi, in dai ba don a cuci sauran ba. In tara su in gaya masu dalili tun ina da baki. In kuma naɗa wasiyyi, mutumin da zai kula da dukiyar yaron bayan raina, in faɗa a gaban shaidu, kada in bari sai ranar sadakar uku a ce wa zai riƙe.

Na dawo gida da ilimi fal ciki, na kira uwargida zan yi mata bita. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, “Malam, nawa yaron nan yake ci a wata?” Na faɗi wani adadi da ƙarfin gwiwa. Ta ce, “Mene ne sunan maganinsa na dare?” Na ce fari ne, ƙanana. Ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin rubutu mai bangon shuɗi, irin waɗanda nake kawowa gida in ɗalibai sun bar makaranta. Ta juya shi ta baya ta cika shi da rubutunta. Magani, da yadda kuɗinsa ya tashi bayan tashin dala. Famfas na dare. Sabulu da omo, don wankinsa ya fi na sauran yaran a haɗe. Kuɗin mota zuwa Katsina gashin ƙashi, kujera biyu, don yanzu ya yi girman da ba ya zama a cinya kuma babur ɗin da aka saya dominsa ba ya ɗaukuwa a kai. Jimillar ta ninka abin da na faɗa har da ɗori. Na ce to cikon daga ina yake fitowa? Ta nuna mani kaskon ƙuli-ƙuli da galan ɗin man gyaɗa.

Sannan ta nuna mani awaki biyu da ke ɗaure a turke, waɗanda kullum nake tsallake igiyarsu in wuce. Ta ce nasa ne, daga kuɗin adashinta. Na ce wa ya sani? Ta ƙwala wa yaron maƙwabta kira ta katanga ta ce, “Kai, jar akuyar nan ta wa ce?” Ya faɗi sunan ɗana ba tare da ya ɗago daga wasansa ba. Ba ta taɓa buɗe Muhtasar ba, amma kyautarta tana da shaidu unguwa guda, tawa kuwa daga ni sai tsinken tsintsiya.

Ita ce kuma ta kawo abin da ni da Malam ba mu taɓo ba. Ta ce kuɗi ba sa juya mutum a shimfiɗa, ba sa yi masa wanka. Ƙanwarsa da ta iya ba shi abinci ba ya ƙwarewa, aure za ta yi ta tafi gidan wani. Ƙanensa kuwa ba mu san wace zai auro ba. Don haka duk abin da za a ajiye, a sa har da ladan wanda zai yi hidimar, ko ɗan'uwa ne, don kada yaron ya zama nauyin da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Ni ina can ina lissafin garke, ita tana lissafin wanda zai tashi da tsakar dare.

Na bincika ko hukuma na da abin da za ta ɗauke mana. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kafa mata hukuma ta ƙasa a 2020. Ta yi tanadin karatu kyauta har sakandare, da kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da magani kyauta a asibitocin gwamnati ga mai lalurar ƙwaƙwalwa. Jiharmu na da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a Katsina, da hukumar taimakekeniyar lafiya. Duk abin nema ne, kuma haƙƙi ne, a nema. Amma wanda ya san nisan da ke tsakanin takardar Abuja da tsakar gida a Zakka ba zai kwanta a kan wannan kaɗai ba.

Da na zauna na duba takardun nan da aka ɗaure da kyauro, sai na ga kusan dukansu abu ɗaya ne: wurin da za a gan ni. Ashe ba rashin iya tanadi ke damuna ba. Mu Hausawa mun iya tanadi ƙwarai, in akwai ranar da jama'a za su taru su duba. Uwa tana fara tara wa ɗiyarta kwalla da tangaran tun ba ta yaye ta ba, don akwai ranar jere. Saurayi yana tara lefe don akwai masu buɗe akwati. Hajji ma an yi masa adashin gata tun 2020, kuma akwai ranar da za a raka ka filin jirgi. Yaron da ba za a kai wa lefe ba, ba za a yi masa walimar sauka ba, ba shi da ranar da za a zo a ga abin da ubansa ya tara, sai ranar da uban ba ya nan balle ya ji kunya. Ina zargin da yawa daga waɗanda muke miƙa wa naira hamsin a ƙofar masallacin Juma'a, iyayensu suna da gona, kuma suna da niyya.

Tunda na gane kunya ce kaɗai ke sa ni biya, sai na nemo ta na ɗora wa kaina. Ƙaramar gonata ta kusa da gari, wadda ake iya nomawa ko da daji ya ɓaci, an rubuta ta kyauta gare shi a gaban mai unguwa da liman da shaidu, ƙannensa na zaune, kuma abin da ta bayar a kansa yake tafiya. An yi masa lambar NIN, an buɗe masa asusu a banki a Dutsin-Ma wanda ba a cire ko sisi sai da sa hannun mahaifiyarsa da kawunsa. Ni zubawa kawai aka yarda in yi. Na kuma karɓar masa hannu guda a adashin wata Hajiya da ba ta san girman kowa ba, wadda in ka yi latti a gaban majalisa take aiko jikarta.

Wasiyyi ne har yanzu ban naɗa ba, don duk wanda na ɗauko sai in tuna irin amanar da ni uban na riƙe. Fom ɗin taimakekeniyar lafiya ma yana aljihun babbar rigata tun kafin azumi, ya fara laushi. Tsohon bashin kuwa ban biya ko rabi ba. Saboda haka in kun gan ni ranar Alhamis a kasuwar Batsari ina taya sabuwar waya ko shadda, kada ku ji nauyina. Ku yi sallama, ku tambaye ni ko na mayar wa yaron kuɗinsa, kuma ku ɗaga murya yadda na kusa za su ji.